Minti 90 Babu "A Sake": Daren da Tsohon Ɗan Dambe Ya Shiga Falon Amurkawa

Wasan yana buɗewa ne bayan an riga an tashi daga dambe. Abin da mai kallo ke fara gani wani lungu ne a ƙarƙashin zauren da aka gwabza, ihun 'yan kallo na saukowa daga sama, ga mutum biyu sun tallafo wani ƙato jina-jina, da ƙyar ƙafafunsa ke ɗaukarsa. Sunansa a cikin labarin Harlan McClintock, amma kowa "Mountain" yake ce masa, wato Tsauni, saboda girman jikinsa da kuma ƙauyen tsaunukan jihar Tenesi da ya fito. Ba a jima ba likita ya duba idonsa ya yanke hukunci: in ya sake shiga fage, makanta ce ke jiransa. Shekara 14 yana dambe, karo 111, ya taɓa kai matsayi na biyar a duniya a ajin masu nauyi, a cikin mintuna kaɗan duk ya zama labari.

Wannan shi ne farkon Requiem for a Heavyweight, sunan da za a iya fassarawa da addu'ar bankwana ga ɗan damben ajin nauyi. Gidan talabijin na CBS ne ya watsa shi kai tsaye daga ɗakunansa na Television City a Los Anjalis, daren Alhamis 11 ga Oktoba 1956, a matsayin wasa na biyu a jerin shirin Playhouse 90. Rod Serling ya rubuta, Ralph Nelson ya ba da umarni, Martin Manulis ya shirya. Kusan shekara saba'in ke nan, hoton da ya rage baƙi da fari ne mai hazo, sautin ma yana ƙarar ruwan sama, amma har yanzu in mutum ya zauna ya kalla sai ya ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro. Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce daga ina wannan nauyin yake fitowa, tunda babu kiɗa mai tsuma rai da ake ta kwararawa, babu birgima a ƙasa, kuma labarin kansa ba sabo ba ne.

Sai mutum ya san yadda ake talabijin a lokacin kafin ya gane girman abin da 'yan wasan suka yi. Na'urar naɗar bidiyo ta kamfanin Ampex a watan Afrilun shekarar aka fara nuna ta ga masu sana'ar, kuma CBS ba ta yi amfani da ita a watsa shiri ba sai ranar 30 ga Nuwamba, mako bakwai bayan daren da muke magana. Saboda haka babu yanka, babu haɗawa, babu wanda zai ɗaga hannu ya ce a sake. Ƙarfe tara da rabi na dare a gabashin ƙasar, shida da rabi na yamma a inda 'yan wasan suke, fitilar kyamara ta kunnu, daga nan sai abin da Allah ya yi. Kyamarorin manya ne masu nauyi a kan ƙafafun taya, kowace na jan igiyarta, ma'aikata na ɗage wayoyi don kada su harɗe. Fitilun kan sa ɗaki ya yi zafi kamar gidan burodi. Ɗan wasa kan gama magana mai ratsa zuciya a wannan kusurwa, ya ruga da gudu zuwa wata kusurwar yana sauya riga, ya tsaya daidai kan alamar da aka yi masa a ƙasa, ya ci gaba kamar kwana uku sun wuce. Hutun da yake samu shi ne na tallace-tallace. Wanda ya manta kalmominsa, a gaban miliyoyin mutane ya manta.

Wannan ƙunci yana da wata kyauta da fim ba ya bayarwa. A fim ana iya ɗaukar fage na ƙarshe ranar Litinin, a ɗauki na farko bayan wata guda, ɗan wasa ya yi ta ƙoƙarin tuno yadda zuciyarsa take a wancan lokacin. A wasan kai tsaye kuwa labarin yana tafiya a jere, daga farko zuwa ƙarshe, a jiki ɗaya, a numfashi ɗaya. Gajiyar da ke fuskar mutum a minti na 80 gajiya ce ta gaske, gumin ma nasa ne. A dandamali ma haka abin yake, sai dai ɗan wasan dandamali dole ya ɗaga murya ya buɗe hannuwa don na kujerar baya ya ji. A nan kyamara ce ke matsowa har ta cika ƙaramin allo da fuska ɗaya, a cikin falon mutane, tazarar taku uku ko huɗu daga inda suke zaune. Rawar leɓe ta isa. Duk wanda ya yi ihu a irin wannan kusanci, ƙaryarsa ke fitowa fili.

Jack Palance, wanda ya fito a Mountain, ya gane haka, kuma a ganina rabin nasarar wasan a nan take. Amurkawa sun san fuskarsa a matsayin fuskar mugu. An sa shi cikin 'yan takarar Oscar sau biyu, a Sudden Fear na 1952 da Shane na 1953, kuma a duka biyun mai neman ran wani ya fito. Dogo ne, ƙasusuwan kumatunsa a tsaye, idanu a ciki. Amma kafin fim, ɗan wani mahaƙin kwal ne ɗan asalin Yukren, an haife shi a Lattimer Mines ta jihar Pensilbeniya a 1919, shi ma ya shiga rami yana saurayi, sannan ya yi damben kuɗi da sunan Jack Brazzo. Ya san yadda kai ke yi bayan an sha naushi, ya kuma san irin mutanen da ke zaune a ɗakin sauya kaya suna jiran a ba su ɗan abin da ya rage bayan kowa ya cire nasa.

Abin da ya yi da wannan sanin shi ne ya ƙanƙantar da kansa. Mountain ɗinsa yana magana a hankali, muryar a shaƙe, numfashi na fita ta hancin da aka sha karyawa. Yana tafiya kamar mai neman gafarar ƙasa don ya taka ta. Hannayensa, waɗanda su ne duk dukiyarsa, bai san inda zai sa su ba in ba a fage yake ba. Kalma takan tsaya masa a hanya, ka ga yana lalubenta a cikin kansa, kuma Palance ba ya gaggawar cike wannan shirun. Tun a 1928 wani likita a Niyu Jazi mai suna Harrison Martland ya yi rubutu kan lalacewar ƙwaƙwalwar da yawan duka ke jawo wa 'yan dambe, kuma kafin 1956 masu barkwanci sun riga sun mai da tsohon ɗan dambe mai layi da jan magana abin dariya. Da Palance ya ƙara gishiri kaɗan, da cikin wannan ramin zai faɗa. Ya ɗauki alamomin cutar ya rage musu ƙarfi, ya bar mutumin da ke cikinsu ya fito: mai kunya, mai ladabi, wanda ya yarda da ubangidansa kamar yadda yaro ke yarda da mahaifinsa.

Fagen ofishin neman aiki ne ya fi nuna dabarar. Mountain yana zaune gaban wata ma'aikaciya, Grace, tana cike takarda da tambayoyin da ake yi wa kowa: ilimi, sana'a, aikin da aka taɓa yi. Ba shi da amsar ko ɗaya. Yana ba da haƙuri kan kamanninsa tun kafin a tambaye shi. Sai a tsakiyar wannan ƙasƙanci abin ya ɓalle, ya ɗaga murya yana gaya mata cewa shi fa ba ɗan tasha ba ne, saura ƙiris ya zama zakaran duniya. Ƙarfin fagen yana cikin tsawon lokacin da ya ɗauka yana danne abin. Mai kallo ya riga ya ga tukunyar tana tafasa a rufe, shi ya sa da murfin ya ɗaga sau ɗaya ya koma, zafin ya isa ko'ina. Bayan fashewar kuma sai kunya ta sake rufe shi, kamar wanda ya yi laifi a gidan surukai.

Kim Hunter, wadda ta fito a Grace, ta riga ta ci Oscar da A Streetcar Named Desire na 1951, kuma tana cikin 'yan wasan da suka taso a Actors Studio na Niyu Yok, inda ake koya wa mutum ya nemo motsin rai daga cikinsa maimakon ya kwaikwayi alamunsa. Gaskiya Serling bai ba ta abu mai yawa ba. Grace mace ce mai tausayi da aka kawo don ta buɗe wa jarumi ƙofa, ba a gaya mana komai game da nata ciwon ba, kuma wannan rauni ne a rubutun da bai kamata a rufe ido a kai ba. Abin da Hunter ta yi shi ne sauraro. A fagen mashaya, inda Mountain ke ƙoƙarin hira da mace amma duk maganar da ya ɗauko sai ta koma kan wani dambe da ya taɓa yi, fuskarta ce ke gaya mana yadda za mu kalle shi. Da ta nuna ƙyama ko tausayi mai yawa, da ya zama dodo ko almajiri. Ta kalle shi a matsayin namiji mai mutunci da yake magana da harshen da ya iya.

A wannan mashayar akwai wani abu da Amurkawan lokacin suka gani nan take, wanda mu sai an gaya mana. Cikin tsofaffin 'yan damben da ke zaune suna maimaita labarin turmin da suka yi shekaru da suka wuce, akwai Max Baer, wanda ya riƙe kambun ajin nauyi na duniya daga 1934 zuwa 1935, da Maxie Rosenbloom, tsohon zakaran ajin da ke biye. Baer mutum ne da abokin karawarsa Frankie Campbell ya mutu bayan dambensu a San Faransisko a 1930. Waɗannan fuskoki ba kwalliya aka yi musu ba. Kuma a 1956 ɗin ne Joe Louis, gwarzon da duk ƙasar ke alfahari da shi, ya shiga kokawar nishaɗi don bashin haraji ya yi masa katutu, sana'ar da tsohon zakaran ajin nauyi Primo Carnera ya shiga shekara goma kafin nan. Dambe kuwa kusan kullum yana talabijin, musamman daren Juma'a da kamfanin reza na Gillette ke ɗaukar nauyi, kuma raɗe-raɗin cewa 'yan daba na juya sana'ar ta bayan fage ya cika gari tun kafin ɗan dambe Jake LaMotta ya amsa a gaban kwamitin majalisar dattawa a 1960 cewa da gangan ya faɗi a wani dambe na 1947. Don haka da manajan Mountain ya kawo shawarar a sa masa kayan ɗan ƙauye ya shiga kokawar da an riga an tsara wanda zai ci, masu kallo sun san ba ƙirƙira ba ce.

Manajan, Maish, shi ne mutumin da ya fi wuyar fitarwa, kuma Keenan Wynn ne ya ɗauke shi. Maish ya ci amana: ya sa kuɗi a caca cewa yaronsa zai faɗi tun a turmin farko-farko, Mountain kuwa, da bai san komai ba, ya jure duka har turmi na bakwai saboda ba ya son ya kunyata ubangidansa. Juriyar da ta lalata masa ido ita ce ta jefa Maish cikin bashin mutanen da ba a yi musu wasa da kuɗi. Keenan Wynn bai fito da shi a shaiɗan ba. Mutum ne mai tsoro, mai saurin fushi saboda kunyar da ke cinsa, yana son yaron kuma yana shirin sayar da shi, duk a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa ganin yadda zumunci ke ruɓewa idan bashi ya shigo tsakani zai gane wannan fuskar.

Sai Ed Wynn, wanda labarinsa ya kusa rinjayar labarin wasan. Shi ne mahaifin Keenan na jini. Yana da shekara 69, ya shafe fiye da rabin ƙarni yana ba mutane dariya a dandamali da rediyo da talabijin, da hulunan ban dariya da siririyar murya mai rawa, ana yi masa kirari da Cikakken Wawa. A farkon shekarun 1950 kasuwarsa ta ja baya, salon barkwancinsa ya tsufa. Aka ba shi matsayin Army, mai kula da raunukan Mountain a kusurwar fage, wanda shi ne zuciyar gaskiya a cikin mutanen uku. A wajen gwaji abin ya ƙi. Yana manta kalmomi, in ya rikice kuma sai tsohuwar ɗabi'a ta taso, ya saki wargi ko ya yi dariyar nan tasa a tsakiyar fagen baƙin ciki. Masu shiri suka fara maganar sauke shi, har aka sa Ned Glass, wanda ke da ƙaramin matsayi a wasan, ya haddace kalmomin Army a asirce. Palance ya ce in aka cire dattijon shi ma ya tafi. Keenan kuma yana tsakiya, ga aikinsa, ga mahaifinsa da yake gani yana nutsewa a gaban mutane.

Daren watsawa Ed Wynn ya tsaya da ƙafafunsa. Muryar da ta saba rawa don a yi dariya ta yi rawa a wurin da ya dace, sai ta zama muryar tsoho mai roƙon a ji tausayin yaron da ya daɗe yana kula da shi. A fagagen da Army ke tuhumar Maish, uba ne ke duban ɗansa na cikinsa yana gaya masa ya ji kunya, ɗan kuma yana kau da kai. Ba na cewa masu kallo sun san abin da ya faru a wajen gwaji, yawancinsu ba su sani ba sai daga baya, musamman da Ralph Nelson ya mai da labarin wasa mai suna The Man in the Funny Suit a 1960, inda uban da ɗan da Serling suka fito a matsayin kansu. Amma sun ga tsoro na gaske a idon mutumin da duniya ta ce zamaninsa ya wuce, yana wasa a labarin wani da aka ce zamaninsa ya wuce. Daga wannan dare Ed Wynn ya samu sabuwar sana'a, har aka sa shi takarar Oscar da The Diary of Anne Frank na 1959.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa kasancewar wasan kai tsaye ita ce sirrin komai. A waɗannan shekaru an watsa ɗaruruwan wasanni kai tsaye, akasarinsu an manta da su, kuma da dalili. Haɗari shi kaɗai ba ya haifar da fasaha, sau da yawa ma ɗan wasa mai fargaba ihu yake ƙarawa don ya ɓoye rawar jikinsa. Abin da ya faru a wannan wasa shi ne fargabar 'yan wasan ta zo daidai da fargabar mutanen da suke fitarwa. Palance yana son a daina ganinsa a matsayin fuskar mugu kawai, Mountain yana son a ga mutum a bayan tabonsa. Ed Wynn yana tsoron ya zama abin tausayi. Serling kansa, wanda ya yi dambe a ajin marasa nauyi lokacin da yake sojan laima a yaƙin duniya na biyu har aka karya masa hanci, yana ɗauke da nasa nauyin: tun da wasansa na talabijin Patterns ya ɗaga sunansa a Janairun 1955 ake ta cewa ba zai iya maimaitawa ba. Mai ba da umarni ya samu mutanen da raunin kowannensu ya yi kama da raunin da ke cikin takarda, sannan tsarin kai tsaye ya hana a goge wannan kamar a ɗakin tacewa.

Rubutun ma yana da inda ya yi nauyi. Serling yana son dogon jawabi, wani lokaci yakan sa wa mutanen da ba su yi makaranta ba kalmomi masu tsari fiye da yadda bakinsu zai iya. 'Yan wasan ne suka cece shi a irin waɗannan wurare, suna karya jimlolin, suna haɗiye ƙarshensu, suna barin wata kalma ta faɗi ƙasa. Kuskuren da ake ji nan da can, inda wani ya taka maganar wani ko ya yi tuntuɓe da harafi, ya ƙara wa jawaban kamannin maganar mutane.

Kyaututtuka sun biyo baya. Wasan ya ci Emmy, lambar yabon talabijin ta Amurka, na shiri mafi kyau a shekarar, Palance ya ci na ɗan wasa, Serling na rubutu, Nelson na ba da umarni, kuma aka ba Serling lambar Peabody. A ƙarshen Maris 1957 BBC ta yi nata kai tsaye a Ingila ƙarƙashin Alvin Rakoff, da wani matashi ɗan Sikotlan da ba a san shi sosai ba mai suna Sean Connery a matsayin Mountain, amma hoton wannan bai tsira ba. Na Amurka ya tsira ne saboda wata dabara ta lokacin, inda ake kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin ta ɗauki abin da ke fita, abin da suke kira kinescope. Shi ya sa hoton yake da hazo, fuskoki ke ɗan narkewa a gefe.

A 1962 Nelson ya sake yin labarin a fim, da Anthony Quinn da Jackie Gleason da Mickey Rooney da Julie Harris, har da matashi Cassius Clay, wanda daga baya ya zama Muhammad Ali, yana kai naushi cikin kyamara a fagen farko. Fim ne mai kyau, ƙarshensa kuma ya fi ɗaci: jarumin ya sa kayan wasan, ya shiga kokawar don ya ceci ran mutumin da ya ci amanarsa, 'yan kallo na yi masa ihu. Masu sharhi da yawa sun ce wannan ƙarshen ya fi gaskiya, kuma in aka dubi abin da ya samu Louis da Carnera, suna da hujja.

Duk da haka ƙarshen talabijin ne ya zauna mini. A can Mountain ya gano cin amanar, ya ƙi kokawar, ya hau jirgin ƙasa zuwa gida Tenesi ba tare da tabbacin komai ba sai wata shawara da Grace ta ba shi ta aiki da yara. A cikin jirgin wani yaro ya ƙura wa kunnensa da ya murɗe ido, ya gane ɗan dambe ne, ya fara tambaya. Mountain ya gyara zama, ya kama ƙananan hannayen yana nuna masa yadda ake tsare fuska da yadda ake miƙa hagu. Palance ya kai minti na ƙarshe na aikin da ya fara tun shida da rabi, kwalliyar tabon da aka manna masa ta sha gumi, muryarsa ta ƙara dushewa. Hannayen da suka yi ta yawo tun farkon wasan ba su da wurin zama, a nan suka daina rawa.